Zauren da Hamman Jika Ya Gina a Iska

Da an idar da sallar asuba a Dilimi, masu hankali sukan koma cikin bargo su jira sanyin Jos ya sassauta. Malam Hamman Jika kuwa sai ya ɗora hular sanyi a kan hular sallah, ya rataya wata jaka da ta girmi wasu ɗalibansa, ya tayar da babur ɗinsa mai tari, ya nufi duwatsu. A can zai hau wani falalen dutse, ya ɗaga wata 'yar na'ura sama, ya juya gabas, ya juya yamma, yana auna ƙarfin sabis. Makiyaya sun saba da shi har sukan ajiye masa nono. Kafin ɗalibai su taru ya sauko, ya shiga aji a kwalejin fasaha da ƙaiƙayin ciyawa a ƙafar wando. Haka yake yi tun gashinmu yana baƙi, kuma a wannan watan ne zai ajiye aiki.

Ni ne Zubair, abokinsa tun muna makarantar allo a Gangare. Malamin Hausa ne ni, ina ɗan taɓa rubutu, shi ya sa abokai suka ce ni zan yi masa jinjina. Na karɓa, amma gara in gaya wa mai karatu tun yanzu: kishin mutumin nan nake yi. Ba hassada ba, Allah ya tsare, ban taɓa fatan wani abu nasa ya lalace ba. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ina da dalili. 'Ya ɗaya Allah ya ba ni, Madina, Hamman kuwa ya ƙwace mini ita ina ji ina gani.

Na raine ta a cikin littattafai. Na so ta gaji alƙalamina, har na fara tunanin irin gabatarwar da zan rubuta wa littafinta na farko. Sai wani hutu, tana shirin shiga jami'a, ta roƙi ta raka Baffa Hamman dutse ta ga abin da yake yi. Ta dawo da yamma fuska duk ta bushe da iska, tana ba ni labarin yadda murya ke tafiya ba waya ba igiya, yadda dutse ke tare ta, yadda ruwan sama ke cinye ta a hanya. Ban taɓa ganin idonta ya yi irin wannan hasken a kan wani rubutu nawa ba. Ta karanta injiniyanci, ta dawo tana aiki a ƙarƙashinsa. A gidana, a kan tabarmata, magana uku sai ka ji "Baffa ya ce".

To me Baffan yake yi? Iya abin da na fahimta ke nan. Garinmu gari ne na duwatsu, sabis yakan zo ya ci karo da su ya tarwatse, shi ya sa za ka ga mutum a Gangare ya hau katanga yana "Kana ji na?" Hamman ya share shekaru yana nazarin yadda za a sa dutsen da ke tare saƙo ya zama shi ke tura shi gaba. Ya haɗa wasu ƙananan eriya masu cin batir kaɗan, waɗanda ke miƙa wa juna saƙo daga rufi zuwa rufi, ko da babban kamfani ya ɗauke. Ya kuma duƙufa a kan yadda za a kulle saƙon, kada wani ya tsince shi a hanya. Ya rubuta takardu a mujallun da babu mai karanta su a Dilimi. Ni littattafaina har a makarantu ana karantawa, amma in muka shiga kasuwar Farin Gada tare, shi ake ƙara wa tumatir.

Akwai lokacin da mutumin Gangare ba ya son yamma ta yi masa a Anguwan Rukuba, na Rukuba ma haka. A irin wannan lokacin Hamman ya bi limami da fasto da magiya har suka yarda, ya kafa eriya ɗaya a saman hasumiya, ɗaya a rufin coci, suna kallon juna. Bai yi wa kowa wa'azin zaman lafiya ba. Cewa ya yi wuraren biyu su suka fi tsawo, shi kuma tsawo yake nema.

Wannan hanyar ce ta kai sabis wani ɗan ƙaramin asibitin haihuwa a bakin Anguwan Rukuba, na Sista Nwamaka, ungozomar da rabin yaran unguwannin nan a hannunta suka faɗo. Ba ta da likita zaunanne. Da hanyar Hamman sai ta riƙa aika hoton ciki da sakamakon gwaji ga wata likita a can wani ɓangaren gari, amsa ta dawo nan take. Hamman ya sa wa abin lambar sirri, ya ce ma'aikata kaɗai, ya maimaita har sau ba adadi.

Ba a jima ba mai shayin bakin titi ya san lambar. Tela ya sani, masu Keke suka mai da gindin katangar asibiti tasharsu. Hoton da ke tafiya cikin ƙiftawar ido ya koma sai an yi ta jira. Abin da ya fi muni, wani ɗan iska ya bi ta nan ya leƙa sakamakon gwajin wata baiwar Allah, zance ya zaga unguwa, mata suka ɗauke ƙafa daga asibitin. Hamman ya canza lamba, ya tara ma'aikata ya yi faɗa, shi da ba a saba jin muryarsa ba. Kafin wata ya kama, mai shayi ya sake sani.

Madina tana wurin ranar da Sista ta ba shi amsa, ita ta kawo mini labari. "Oga Hamman," in ji Sista, "mutum ya kawo matansa tun safe, yana zaune, hankalinsa ya tashi. Na ba shi ruwa, na ba shi kujera. Ya ce Sista, ba ni lamba in kira uwana a ƙauye. Ni zan ce a'a? Kai in kai ne za ka ce a'a?"

Hamman ya san ko shi ba zai ce a'a ba. Mu nan ba mu iya hana baƙo abin da ya gani a hannunmu ba, kunya ba za ta bar mu ba. Masu ƙera waɗannan na'urori sun yi su ne don mutanen da ke iya kallon idon maƙwabci su ce masa sirri ne.

Da la'asar ɗin wata Asabar ya zo gidana, ya zube a zaure kamar an zare masa laka. Ba zan ɓoye ba, na ɗan ji sanyi a raina, yau ga Baffa bai san abin cewa ba. Muna zaune mai gyaran takalmi ya yi sallama ya shigo ya sha ruwa a randa, wani baƙo ya shimfiɗa buzu ya yi sallah, maƙwabcina ya zo ya kishingiɗa yana sauraron rediyona. Hamman yana ta bin su da ido. Can ya nuna labulen ƙofar cikin gida.

"Zubair, duk waɗannan wa ka hana shiga zauren nan?"

Na ce, "Babu. Zaure ai na kowa ne."

"To a cikinsu wa ya taɓa ɗaga wancan labulen?"

Na ce, "Wa ya isa?"

Ya miƙe ko shayin bai shanye ba, ya bar mini hularsa ta sanyi a kan tabarma.

Abin da ya yi, shi da Madina, ya ɗauke su damina guda da rani. Sun raba hanyar gida biyu. Akwai zaure, lambarsa a rubuce ɓaro-ɓaro a bangon asibiti, kowa ya zo ya sha. Akwai cikin gida, wanda ba shi da wata lamba da baki zai iya faɗa. Na'urorin asibitin ne ke gane junansu da kansu, ko Sista ba ta san mabuɗin ba, saboda haka babu mai roƙonta, babu wanda za ta ji kunya. Sannan ya ƙara wata dabara: duk lokacin da cikin gida ke buƙatar hanya, zaure yakan matsa da kansa, in abin ya yi tsanani ya rufe gaba ɗaya har a gama. Mata suka dawo. Ya rubuta takarda a kai, aka gayyace shi taro ya yi bayani. Na sa Madina ta fassara mini shafin godiya. Ya gode wa "zauren wani abokina". Zauren ya samu shiga, mai zauren ko suna.

Kai ne, Hamman, ka ƙi yarda cewa mutanenmu ne ke da matsala. Da wani ne, da ya rubuta cewa jama'a ba su waye ba, ya wanke hannunsa. Kai ka zauna ka kalli yadda muke zaune da juna, ka lanƙwasa ƙarfe ya bi halinmu. Dogo mai hawan dutse, na faɗa, kuma da ƙyar maganar ta fito.

Bara Madina ta auri Jabir, wani malamin lissafi mai kunya. A watan Agustan da ya wuce, da rana tsaka, naƙuda ta kama ta kafin lokaci. Aka yi irin ruwan nan na Jos da ƙanƙara, rufin kwano kamar ana jifansa da tsakuwa. Gada ta cika, mota ba ta wucewa, sabis na kamfanoni duk ya ɗauke. Asibitin Sista ne kusa, can Jabir ya kai ta, ni ma na bi su a jiƙe. Muka zauna a baranda tare da masu fakewa, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, don zauren Hamman yana aiki.

Sai na ji wani mai Keke ya yi tsaki. "Kai, wannan ma ya ɗauke!" Na kusa da shi ya girgiza tasa wayar, ya ce shi ma. Kowa ya hau gunaguni. Ni kaɗai a barandar nan na san ma'anar abin, don 'yata ta sha bayyana mini shi a kan tabarmata ina hamma. Zaure ya rufe gaba ɗaya. Abin da ke faruwa a cikin ɗakin can ya kai inda ake buƙatar hanyar duka.

Daga baya Sista ta gaya mana cewa yaron a gicciye ya zo, likitar tana ganin hoton daga can, tana gaya mata inda za ta sa hannu. A lokacin ban san wannan ba. Na san dai ni ne ubanta, ni na yi mata huɗuba a kunne, ga ni a kan benci babu abin da na iya sai motsa leɓe. Hamman yana can kwaleji yana tsaron jarrabawa, bai ma san ana yi ba, amma aikinsa yana cikin ɗakin tare da ita. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ko a cikin tsoron, Allah ya yafe mini, kishin yana nan.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Kawai sai wayar mai Keken ta yi ƙara, ta kusa da shi ma ta yi, saƙonni suka riƙa shigowa ko'ina a baranda. Na kama hannun Jabir na ce, "An buɗe zaure." Bai gane ba. Kafin in yi masa bayani muka ji kukan jariri.

Ranar suna na sa babbar rigata ta Sallah. Jikana na fari, namiji, ɗan 'yata tilo. Ban tambayi kowa ba, amma na riga na shirya irin murmushin da zan yi in an ce Zubair. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa mai shela, ya ɗaga murya: "Sunan yaro Hamman!"

Murmushin da na shirya shi na yi amfani da shi, don ba ni da wani. Bayan an watse Hamman ya ja ni gefe, fuskarsa kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Wallahi, Zubair, ban sani ba. Bari in yi wa Jabir magana a gyara. Kai ne kakansa."

Na ce, "An riga an yanka rago, Malam. Kuma da ba don kai ba, wa za a raɗa wa sunan nawa?"

Ya sunkuyar da kai, ni ma na kalli wani wajen, muka tsaya haka kamar sababbin surukai.

To, Hamman, ga jinjinarka. Na gode da 'yata da ka ɗauke, ka dawo mini da ita da rai. Sista Nwamaka ta gode, matan Dilimi da Gangare da Rukuba sun gode, har mai shayi ya ce in isar. Allah ya sa ka huta lafiya, ko da yake na san gobe da asuba babur ɗin nan zai yi tari. Ku kuma matasa masu karatun wannan fanni, kafin ku kwaso tsari daga wata ƙasa ku ɗora mana, ku zo ku zauna a zaurukanmu tukuna, ku ga yadda muke karɓar baƙo da inda muke tsayar da shi.

Madina ba ta iya faɗin sunan, Baffa take kiran yaron. Ni kuwa kaka ne, al'ada ta ba ni damar tsokanar jikana yadda na ga dama. Kullum da safe sai a kawo mini shi zaure, in ɗora shi a cinya, in kalli tsakiyar idonsa in ce, "Hamman, ɓarawon 'ya'yan mutane, mummuna mai kunnen eriya." Ya yi ta dariya yana kama gemuna. Jiya ya jiƙa mini babbar riga, ban ko ɗaga shi ba.