Aku Biyu da Mahaifina Ya Bari

Shekarun baya, lokacin da na gama digiri a fannin nazarin dabbobi, ina zaune a gida Daura babu aiki sai yawan bayani, mahaifiyata ta ɗora mini wani aiki da na ɗauka na kwana biyu ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu yake yi, kasuwar Mai'adua kamar ɗakinsa take. Wata rana wani abokin cinikinsa daga tsallaken Kongolam ya kawo masa kyautar aku biyu, mace da namiji. Ba irin akun da muka sani ba ne mai launin toka. Waɗannan manya ne 'yan Kudancin Amurka, bayansu shuɗi, ƙirjinsu ruwan ɗorawa, wutsiya ta kai kamu guda. Yadda aka yi suka baro dajinsu har suka iso ƙasar Daura, ban sani ba, kuma da na yi karatu na gane da wuya a ce ta hanya mai kyau suka biyo. Mahaifina dai ya sa mai walda ya yi musu keji a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, yana ji da su sosai.

Bayan rasuwarsa Inna, wato mahaifiyata, ta ci gaba da kula da su. Shekara ba ta zagayo ba macen ta fara fige gashin ƙirjinta da bakinta, har ta koma kamar kazar da aka gyara za a sa a tukunya. Abinci ma sai ta taɓa ta bari. Likitan dabbobin da na kira ya ce ba cuta ba ce, ƙunci ne: keji ya yi musu kaɗan, zafi ya yi yawa, gyaɗa da gero kuma ba su ne cimarsu ba. Ya ce in ta ci gaba da zama a haka, bai ga alamar za ta ga wata bazarar ba.

Ranar Inna ba ta ci abincin rana ba. Da la'asar ta kira ni ta ce, "Amana ya bar mini. In ta mutu a hannuna ban san abin da zan ce ba. Kai da ka karanci dabbobi, nemo musu inda za su rayu."

Abin nema ya samu. Na yi mako guda ina bincike a waya, ina kiran abokan karatu. Mayar da su daji ba zai yiwu ba, don tsuntsun da ya tashi a keji ba zai iya ciyar da kansa ba. Na samu gidajen namun daji biyu masu ajiye dabbobin Kudancin Amurka da suka ce za su karɓa. Na farko na wani attajiri ne a babban birni, jerin dabbobinsa na can ya cika mini shafi: lama mai kama da raƙumi mara tozo, wani ƙaton ɓera da ya kai tunkiya girma, ƙananan birai, koren ƙadangare mai ƙaya a baya, da aku kala-kala. Na biyu ɗan ƙaramin wuri ne a bayan wani gari, nasa jerin layi uku ne, sauran duk barewa ce da gauraka da kunkuru irin namu. Na ja layi a tsakiyar takarda, na ba kowanne maki kamar mai gyaran jarrabawa. Na farko ya cinye da tazara mai yawa.

Na zo na zauna gaban Inna ina karanto mata, har da ƙarin ilimi. Na ce mata agwagwar da ke yawo a tsakar gidan nan ma asalinta daga Kudancin Amurka take.

Ta ce, "Ashe baƙuwa muke yankawa da Sallah." Sannan ta nuna takardar da haɓa. "Cikin waɗannan da ka lissafa, wanne aka haifa a wurin?"

Na ce ba su rubuta ba.

"Mai ba su abinci fa, shekararsa nawa yana aikin?"

Na ce wannan ai ba ya cikin ma'aunin da masana ke amfani da shi. Gaskiya ban san ko yana ciki ba, na dai faɗa ne don kar takardata ta ji kunya.

Inna 'yar makiyaya ce daga wani ƙauye a ƙasar Mashi. Ta ce babanta bai taɓa ba wa mutum kiwon saniya ba sai ya taka rugarsa da ƙafarsa, kuma ba da damina yake zuwa ba, lokacin da kowace saniya ke sheƙi. Sai bazara ta kai bazara yake zuwa. Ta ce, "Yanzu bazara muke ciki. Ka nemi mota."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina ganin shekara huɗu na yi ina karanta abin nan, ga shi za a gwada ni da ilimin ruga. Amma ba a musu da Inna, sai na aro motar abokina.

Gidan farko ya burge ni fiye da yadda na zata. Ciyawa kore shar, fenti sabo, kowane keji da allonsa mai bayani. Wani jami'i mai fara'a ya zagaya da mu, ina ta yi masa tambayoyi da Turanci don Inna ta ga ba a banza aka biya kuɗin makaranta ba. Ita kuwa ba ta kallon inda nake nunawa. In na ce ta dubi kan dabba, sai in ga tana duban kashin da ke ƙasa, ko kwanon ruwa. A wurin aku ta daɗe a tsaye. Suna da yawa, kowanne gashinsa lumbu-lumbu, babu mai tabo ko ɗaya.

Ta ce in tambayi jami'in ina tsofaffin suke. Ya yi murmushi ya ce duk dabbobinsu lafiyayyu ne. Ta ce to ina 'ya'yan? Ya ce suna da shirin fara kiwo nan gaba, yanzu dai in an samu giɓi ana kawo sababbi daga waje. Ta juya ga wanda ke share kejin ta tambaye shi da Hausa yaushe ya fara aiki, ya ce wata na uku ke nan.

Da muka shiga mota na ce, "Inna, kin ga wuri ko?"

Ta ce, "Na gani. Ba tsoho, ba jariri, duk sa'o'in juna. Wannan ba garke ba ne, kara ce." Kara ita ce kasuwar shanu, inda kowace dabba ta zo ne don a gan ta, ba don ta zauna ba. Ni ɗan mai fataucin shanu, sai da aka fassara mini abin da na gani da idona.

Bayan kwana biyu muka je na biyun. Tun daga ƙofa na fara jin kunya a madadinsu. Allon ya koɗe, ciyawa ta bushe, wanda ya tarbe mu wani dattijo ne da silifas, hannunsa duk ɓawon gwanda. Shi ne mai kula da tsuntsaye, ya ce tun wurin yana fili aka ɗauke shi. Kejin akunsu ba kyau, amma dogo ne, tsuntsu na iya tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, an rufe rabinsa da zana, an rataye wani tsohon bututu da ke yayyafa ruwa da rana. A ciki akwai wani aku mai ido ɗaya da ya tsufa har ba ya iya fasa gyaɗa, dattijon ke jiƙa masa abinci. Can gefe kuma ga wasu biyu ƙanana da wutsiyarsu ba ta gama fitowa ba.

Inna ta ce, "Waɗannan fa?"

Ya ce, "Nan aka ƙyanƙyashe su, Hajiya. Uwarsu ga ta can. Kakarsu jami'ai ne suka ƙwato ta a hannun masu fasa-ƙwauri suka kawo mana. Mu ba ma saye, don in ka saya ka aika a kamo wani ke nan."

Ya nuna mana gauraka da suke kiwo suna sakewa a fadama, ya ce wasu sun rayu, wasu ba su rayu ba. Inna ta tambaye shi ko aku ya taɓa mutuwa a hannunsa. Ya ce sau biyu, ya faɗi abin da ya kashe kowanne, har da wanda ya ce sakacinsa ne. Da ta ba shi labarin tamu, bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce, "Wadda ta saba fige kanta, wata takan daina, wata ba ta dainawa. Zan dai yi iyakar yina."

A hanyar dawowa na gwada kare takardata sau ɗaya, na ce na farkon ya fi kayan aiki da likitoci. Inna ta ce haka ne, kuma ba ta ce mugaye ba ne. Ta ce, "Amma wanda ya gaya mini yadda dabba ta mutu a hannunsa, shi zan ba tawa."

Ranar da muka kai su, da takardun da hukuma ta ce a cika, Inna ce ta riƙe kwalin macen a cinyarta tun daga gida. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma da muka dawo ta sa aka fitar da kejin daga tsakar gida a ranar, ta ce ba za ta iya kallonsa ba kowa a ciki. Watanni na farko labarin da dattijon ke ba ni a waya ba daɗi, tana ci amma ba ta daina figar ba. Nakan rage wa Inna labarin, ita kuma takan gane.

Yau aikina ke nan, duba wuraren ajiye namun daji da rubuta rahoto a kansu. Har yanzu ina ƙirga nau'o'in dabbobi, don aikin ya ce a ƙirga. Amma na daina yarda da wurin da komai nasa sabo ne, kuma nakan bar ofis in nemi mai share keji mu yi hira. Nakan ji daɗi in na ga ƙananan wurare irin wancan suna ƙaruwa, ko da a hankali ne.

Sai da aka shekara biyu Inna ta yarda muka koma. Ta soya gyaɗa ta ƙulla a leda, duk da na gaya mata an rage musu ita. Muka tarar da macen a bakin wani akwatin katako da aka kafa a saman kejin. Ƙirjinta ya cika, sai wani ɗan fili kamar tafin jariri da dattijon ya ce ba zai ƙara fitowa ba. Inna ta matsa jikin waya ta kira ta yadda ta saba, ta miƙa gyaɗa. Tsuntsuwar nan da a da take cin abinci a tafin hannunta ta buɗe fukafukai, ta yo kan Inna da ƙara, ta kai wa wayar sara. Inna ta ja da baya har mayafinta ya zame.

Na ji zafin abin a raina, na fara cewa wataƙila ta manta ne. Dattijon ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Ƙwai biyu ne a akwatin. Ni ma da nake ba ta abinci, kwana goma ke nan ba ta bari in matsa."

Inna ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa wa dattijon ledar gyaɗar, ta ce da ni, "Mu tafi, kar mu tayar mata da hankali. Da can ba ta da abin da za ta kore ni a kansa."