Kaset Mai Jan Zare

Ajina biyu kawai a lakwal, wato makarantar boko. Ranar da mushe, malaminmu, ya gano ni ne mai sa masa ƙadangare cikin aljihu, ya raka ni bakin darni da tsumagiya, ban sake komawa ba. Ɗan rubutun nan ma a yaƙi da jahilci na tsince shi, bayan furfura ta ci rabin kaina.

Ƙauyenmu yana ƙasar Buza, kusa da Karofane, kuma a wancan zamani magana ba ta da ƙyaure a cikinsa. Rabin mazanmu suna bidar kuɗi a Abijan. In wasiƙa ta zo, mushe ke karanta ta gindin dogon yaro, kafin ya ninke takarda matan bakin rijiya sun ji. Tarho kuwa sai Madawa, ka shiga ɗan akurkin gidan waya kana ihu, masu jiran layi suna taya ka amsa.

Da kaset ya shigo munka ce mun huta. Ina! In kaset ya zo sai a shimfiɗa tabarmi, a kira mai rediyo. Rediyo mai cin kaset uku ne a gari: na mahauci, na tela, na ɗan maigari. Ba wanda ke ba da aron nasa. Shi zai rungumo abinsa, shi zai danna, shi zai juya, gari kuma ya biyo shi. Ni ne a sahun gaba. Kashegari in tsaya a kasuwa in maimaita komai da muryar mai shi. Ƙanen mahauci ya taɓa fashewa da kuka cikin kaset don kewar uwarsa, na shekara ina yi wa mutane wannan kukan suna faɗuwa don dariya.

Shekarar da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, bayan an ɗaure damman hatsi, wani ɗan garinmu ya dawo daga Abijan da saƙon ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekararsa shida yana yawon sayar da agogo da tabarau a can. Kaset biyu ne. Ɗaya na gida. Ɗayan an naɗe shi da jan zare, mutumin ya ja ni bayan rumbu ya danƙa mini.

"Ya ce wanga na kunnenka ne kai ɗai. Ya ce ko Inna kar ta ji."

"Lahiya dai yake?"

"Ni ɗan saƙo ne," in ji shi, ya kama hanya.

Na gida anka sa da la'asar. Gaisuwa ce, ya bi kowa da suna har jakin gidan. Ya yi tari sau da dama, ya ce murar bakin teku ce. Inna ta yi ta sa albarka.

Da safe na ɗauki nawa na nufi mahauci. Yana fiɗar akuya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Sarkin fawa, ara mini rediyonka, ɗan lokaci kaɗan."

"To, bari in wanke hannu mu tahi."

"A'a, ni ɗai nike son ji."

Sai ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Kai ɗai? Kai da ka maida kukan ƙanena waƙar kasuwa? Wallahi ko ɓarawo ya ara maka rediyo sai na zo na zamna. Yau Allah ya kawo mu gonarka."

Tela ya ce ba shi da pil, wato batir. Na ce zan sayo. Ya ce ai pil ɗin baƙo lalata rediyo yake. Ɗan maigari kuwa dariya ya yi har da buga cinya, ya ce in sa rana, shi zai kawo shayi. Kafin azahar gari duka ya san ina da kaset na asiri. Wasu sunka ce ƙanena ya auri Baturiya, wasu sunka ce an ɗaure shi. Ni ma na shiga ina ƙara gishiri, don kar a ga damuwata. Halin mutum jarinsa, nawa jarin ke nan.

Akwai hanya guda, kuma tun ranar farko na san ta. Ina da wani abokin wasa, Kirista, yana wankin zannuwa a asibitin Mishan da ke gaba da Madawa. Na taɓa ganin wani ɗan akwati a ɗakinsa, wanda suke jin wa'azinsu da shi. Ba ya cin pil, da hannu ake juya shi kamar injin niƙa. Amma na ce in anka gan ni rungume da akwatin Mishan, me za a ce a masallaci? Ni da ba na tsoron bakin kowa in kan wani ne, da ya zo kaina sai na zama amarya. Na soke kaset cikin jinkar ɗakina, na ce bari surutu ya lafa. Na yi sussuka, na je bikin suna garin Keita, na gyara darni. Haka wata guda da kwana tara sunka wuce.

Ranar da na je, abokin nawa bai tambaye ni komai ba.

"Arne ya zo bidar akwatin arna," in ji shi cikin zolaya. Ya miƙo mini, ya nuna mini wani gawo can bayan gari. "Tahi can. Ni ina da wanki."

Na zauna, na kwance zaren, na fara juyawa. In na yi sauri muryarsa ta zama ta ɗan tsako, in na sassauta ta zama ta tsoho. Da ƙyar na samo ƙanena a tsakani.

Ya ce, "Yaya, ba mura ba ce. Likita ya gwada jinina, ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa. Na rame, ba ni iya hawa mota ni ɗai. Ka zo ka ɗauke ni. Ka ce ma mutane ciwon shawara ne. Ina son a rufe ni kusa da Baba. Na san bakinka, amma ba ni da wani wa sai kai. Kar ka daɗe."

Hannuna ya tsaya, shi ma ya tsaya. Na sake juyawa. Ba sauran magana, sai numfashinsa da kukan motoci, bai san yadda ake kashewa ba ko kuwa ƙarfin tashi ne babu. Na yi ta juyawa har zaren kaset ya ƙare.

Ban koma gida ba. Abokina ya cusa mini guzuri, na sauka tashar Madawa ina cigiyar motar kudu. Nan na ci karo da wasu ƴan Garhanga biyu da sunka sauko daga Abijan. Ɗayansu ya san ni. Yana riƙe da jakar da na sani, ni na saya wa ƙanena ita ranar tafiyarsa. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, su sunka yi masa sutura. Ya ce kullum sai ƙanena ya sa an jingina shi yana kallon ƙofa.

A gida na ce shawara ce. Wannan kam na riƙe, shi kaɗai na iya yi masa.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Tana tsinke zogale cikin ƙwarya, idonta a kan aikinta.

"Na jan zaren nan, me ya ce maka?"

"Gaisuwa ce, Inna, da zancen gona."

Ta tsinke wani reshen ta jefa ganyen cikin ƙwarya.

"Kiran ka ya yi, ko?"

Na dubi ƙasa. Ta ture ƙwaryar gefe, ta ce in tashi in ba ta wuri.