Tafin Hannu Tsakaninmu da Kwari

Daminar bana ban yi barcin kirki ba. Kwarin bayan gidanmu a Kaikai ya ci ƙasa har kusa da danga, ga ɗiyata ta fara tafiya.

Jiya ina kakkaɓe adaka na tarar da tsohuwar taswirar makiyaya da kakana ya bari, tana warin hayaƙi. Ina ƙarama yakan ɗora hannuna a kanta, tsakanin gida da kwari, ya ce, "Kin gani, amarya? Tafin hannu guda. In an bar gamba a bakinsa, ba ya matsowa."

Da ya rasu aka tumɓuke gambar, aka nome wurin. Yanzu ba abin da ke riƙe ƙasar, na gaji da kallon hadari.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Don Allah ku sa shi a addu'a, ku bar gamba inda take.