Malam Kalilu, Mai Haɗa Kwamfutocin Ƙasar Daura

Da zarar an idar da sallar asuba, Malam Kalilu zai ɗaure tsani da naɗin waya a bayan babur ɗinsa, ya kama hanya. Yau yana wata makaranta a cikin Daura, gobe yana wani asibitin sha-ka-tafi a bayan Baure. Aikinsa shi ne sa kwamfuta ta yi magana da 'yar'uwarta: in suna kusa ya ja waya, in sun yi nisa ya kafa faranti biyu a kan turaku suna kallon juna, saƙo ya bi iska. Bana gwiwa ta ce ta gaji da tsani, zai ajiye aiki. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa.

Mutum ne mai son bayani, ko ba ka tambaya ba. Ya taɓa tsare ni a bakin kasuwa yana cewa, "Ai saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Gutsuttsura shi ake yi, kamar ka raba gero a motoci daban-daban, kowane buhu da sunan mai shi. In sun isa su haɗu, wanda ya ɓace a sake turo shi." Lemo na je saye, na dawo da karatu.

Hadiyya, ungozomar wani ƙauye a ƙasar Baure, ita ta ba ni labarin da ya sa nake ganin girmansa. Da damina ya haɗa kwamfutar asibitinsu da ta likita a Daura, don a riƙa tura hoton cikin masu juna biyu. Rani na shigowa, sabis ya fara yankewa. A ranakun ne aka kawo Firdausi, cikinta ya tsufa, Hadiyya kuwa ba ta gamsu da kwanciyar ɗan ba. Mijin ya ce matarsa ba ta zuwa Daura sai likita ya gani ya faɗa da bakinsa. Hoto ya ƙi tafiya.

Kalilu ya zo, ya hau turke, ya leƙa, ya sauko yana dariyar kansa. "Kuskurena ne, Malama. Na manta gawo da damina yake zubar da ganye. Ga shi yanzu ya yi lif, ya shiga tsakanin farantan."

Gawon na gonar wani dattijo ne, Baba Audi. Mutane suka ce a kawo gatari.

"Awakina da me za su yi rani?" in ji dattijon.

"Baba, ba mai taɓa maka itace," in ji Kalilu. "Shi ya riga ni zuwa nan."

Ya koma Baure ya samo bututun ƙarfe, ya ƙara wa turken tsawo, ya hau cikin tsakar rana yana juya faranti a hankali, Hadiyya na gaban kwamfuta tana gaya masa ta taga. Kafin la'asar hoto ya isa. Likita ya ce ɗan a gicciye yake, a taho da ita yanzu. Aka yi mata aiki, uwa da ɗiya suka tashi lafiya.

Kai ne, Kalilu, ba ka ɗora wa iska laifi ba, ba ka ɗora wa itace ba. Na sama da tsani, mun gode, Allah ya saka da alheri. Matasan da ke shiga wannan sana'a, ku koyi haɗa waya a wurinsa, ku koyi cewa "kuskurena ne" ku gyara nan take.

Kwanan baya na ga Firdausi a asibitin, ɗiyar tana ta gudu a baranda. Na tambaye ta ko ta san Malam Kalilu. Sai ta ce, "Ɗan wane gida ne?"