Madam Gwamma da Ajin da Muka Bari Ba Rufi

Kafin mai burodin unguwarmu ya fitar da zubin farko, Madam Gwamma ta riga ta share ajinta. Haka take yi daga Lahadi zuwa Alhamis, yau shekara goma sha shida. Takan yayyafa ruwa a ƙasa, ta shimfiɗa tabarmi huɗu a gindin bangon gabas, ta goge allon da aka shafa da baƙin fenti a jikin bangon yamma, sannan ta tsaya bakin ƙofa tana jiran yara. Duk wanda ya shigo sai ya nuna mata tafin hannunsa da farcensa. Mai dauɗa ya koma wajen buta. Mai ɓata rai ta tambaye shi ko ya karya kumallo, in bai karya ba akwai guntun burodi da dabino a kwanon da take ajiyewa bayan ƙofa. Ba a taɓa jin ta faɗa wa wata uwa cewa ɗanta ya zo da yunwa ba.

Wanda bai san Tamanrasset ba zai ɗauka wata makaranta ake nufi mai tuta da ƙararrawa. Ɗaki ne guda a cikin gidan haya a unguwar Tahaggart, bango huɗu da ƙofa, sai sararin Allah a sama. Yaran kuma namu ne, mu ƴan Nijar, ƴaƴan magina da leburori da masu tallar shayi, waɗanda yawancinsu ba su da takardun shiga lekkol ɗin gari, wato makarantar gwamnati. Da yamma suna zuwa karatun allo wurin malamansu. Boko kuwa, in ba wurin Madam ba, babu.

Ita mutuniyar Tasawa ce. Ta yi shekara tara tana koyarwa can gida kafin ta biyo mijinta, marigayi Maman, wanda magini ne. Ta iso ta tarar da ƴaƴanmu suna yini a busasshen rafi suna jifar gwangwani, abin ya hana ta sukuni. Maman ya nemi izinin mai gidan, wani dattijo ɗan ƙasa mai lambu a Outoul, ya shiga ɗaga mata ɗaki da hannunsa duk ranar da ya samu sarari. Bango ya kai inda za a aza katako, sai ciwon ajali ya kama shi. A zaman makokinsa, magina sun fi ashirin a kan tabarma. Mahamane, wanda Maman ya koya wa riƙe cokalin gini, shi ya miƙe ya isa bakin ƙofar mata.

"Madam, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Aikin ga da yayanmu ya bari, mu ne ka ƙarasa shi. Juma'a mai zuwa, in Allah Ya so."

Kowa ya ce amin. Amin ɗin ma mai ƙarfi.

To, a nan kunya take farawa, kuma ba Mahamane kaɗai ya kamata ta kama ba. Mu ne fa magina. Da hannunmu aka ɗaga rabin sababbin gidajen da ke gefen garin nan. An kai mu Idlès kan hanyar da ke karya ƙugu mun yi gini, an hau da wasunmu har wajen Assekrem sun gyara masaukin baƙi. Mun rufa gareji, mun rufa shaguna, akwai wanda a cikinmu ya yi wa wani attajiri rumfar awaki da kwano sabo fil. Amma ɗakin da ake koya wa ƴaƴanmu karatu, mita biyar a kan huɗu, ya gagare mu. Juma'a ita ce ranar hutu a ƙasar nan, kuma kowace Juma'a da nata uzurin: yau gajiya, gobe suna, jibi wani ya samu ƙaramin aiki a gefe. Daga baya ma muka daina kawo uzuri. Ido ya saba, ɗakin ya zama kamar haka aka halicce shi.

Ita ba ta jira mu ba. Tana fita takaba ta tara yara goma sha ɗaya ta fara. Ta roƙi buhunan gari a wurin mai burodi, ta ɗinke su ta ɗaura a sama, iska ta yage. Ta sake ɗinkawa, ta sake yagewa. Sai ta haƙura ta tsara ajin yadda yake har yau: yara a inuwar bangon gabas, ita a gaban allo, fuskarta tana kallon fitowar rana. Ranar tsaunin nan kuwa ba ta da wasa. Ko cikin sanyin da ruwa ke ƙanƙara a buta, in ta ɗaga tana shiga ido kamar allura. Haka Madam take tsayuwa daga bakwai da rabi har inuwa ta ƙare wajen sha ɗaya, ta sallami yara.

Ke ce, Madam, kika ɗauki rana kika bar wa ƴaƴanmu inuwa, mu kuma muna wucewa ta ƙofarki da tsani a kafaɗa muna cewa ina kwana.

Kowane yaro da ya shiga hannunta, abu huɗu yake fara koyo kafin baƙi da wasali su gama zama masa: sunansa, sunan ubansa, sunan garinsu a gida, da lambar wayar wani ɗan'uwa. Sai ya iya rubuta su ido rufe. Akwai iyayen da suka yi ta gunaguni, wai wata biyu yaro yana abu ɗaya. Balki mai ƙosai tana cikinsu, kuma ita ce yau take ba da labarin da bakinta. Shekarar da hukuma ta kwashi baƙi marasa takardu da yawa aka nufi iyaka da su, ita da ɗiyarta Jannatu mai shekara takwas suka faɗa motoci daban. Balki ta yi kwana shida ba ta san inda yarinyar take ba. A Agadas, Jannatu ta karɓi biro a hannun wata ma'aikaciya ta rubuta abu huɗun nan a bayan kwalin biskit. Kafin la'asar wayar kawunta ta yi ƙara. Da Balki ta dawo Tamanrasset ta durƙusa gaban Madam tana kuka, Madam ta ɗaga ta, ta ce yarinyar ta yi kwanaki ba karatu, a turo ta gobe.

Shi kansa Mahamane almajirinta ne, ko da yake ba ya son a faɗa a shantiye, wato wurin aikin gini. Yana da ƴaƴa uku lokacin da ya fara zuwa ranar Asabar da yamma, ya zauna a tabarmar yara gwiwoyinsa suna kai masa haɓa, tana koya masa karanta zanen gini da lambobin da ke jikin mitar awo. Shekara biyu suka yi. Yau shi ne ke karɓar zane daga hannun injiniya, mutum talatin suna aiki a ƙarƙashinsa. Takardar asibiti, takardar buro (ofis ke nan), wasiƙar da ta zo da Faransanci, duk unguwar nan wurinta ake kaiwa. Tana karantawa, mu yi godiya, mu ɗaga kai mu kalli sama, mu ce, "Kai, ɗakin ga na son ruhi." Ta ce, "Allah Shi ba da iko." Iyakar tunin da ta taɓa yi mana ke nan.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya ce marar fushi. Tana da faɗa. Uban da ya cire ɗansa daga aji ya tura shi aike, har shantiye take bin sa, ta wanke shi tas a gaban abokan aikinsa. A kan yaro ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. A kan kanta ne ba ta iya buɗe baki ba, mu kuwa muka samu abin da muke so. A wurin suna ko ɗaurin aure, in manyan ƴan kasuwa suka zo sai a nemo darduma. In Madam ta zo, sai a ce madalla, ga mai iya wa yara, a tura mata su bayan gida ta hana su hayaniya.

A farkon watan nan ta aika a kira mata Mahamane, ta ce ya zo da ɗiyarsa Amatullahi. Amatullahi tana cikin yara goma sha ɗayan farko, yanzu shekararta ashirin da biyu, kuma ita ce ta fi kowa kai a duk waɗanda Madam ta koyar. Suka tarar da wasu iyaye zaune a tsakar gida. Madam ta fito da takarda ta miƙa wa yarinyar.

"Karanta muna, ɗiyata. Ƙananan baƙaƙen ga sun daina tsaya mini."

Matar da ta karanta wa unguwa guda takardunsu ita ce yau take miƙa tata. Amatullahi ta karanta tana fassarawa: idon dama ya kusa tafiya, na hagu yana bin sa, likita ya ce a nisanci hasken rana, a daina aikin da ke sa a tsaya cikinta. Madam ta ce ƙarshen wata za ta koma Tasawa wurin ƙanwarta Laure. Yara arba'in da uku ne a ajin yanzu. In ba a samu mai karɓa ba, ranar da ta hau mota ranar za a rufe.

Balki ce ta faɗi abin da ke ran kowa. "Ai ga mai karɓa nan zaune. Amatullahi ta iya, kuma yara na jin maganarta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, amma kowa ya ga tana so. Sai Mahamane ya gyara zama. Ya rantse mana daga baya cewa bai yi tunani ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Ɗiyata? Ta tsaya cikin rana wagga kullum? Ba ku ji abin da takarda ta ce ba?"

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Babu wanda ya kalle shi, kuma rashin kallon ya fi masa zafi. Madam Gwamma ta juyo da fuskarta wajen da muryarsa ta fito.

"Gaskiyarka, Mahamane," in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. "Rana ce mai cin ido. Ni ma ba ni barin ta tsaya. Shi ya sa na ce ka zo."

Mutumin da ke daka wa leburori talatin tsawa ya ce daga baya ya nemi ƙasa ta tsage bai samu ba. Ya tashi ya shiga ɗakin, ya zaro mita daga aljihu ya auna bango, yana karanta lambobin da aka koya masa a wannan ɗakin, hawaye suna hana shi ganin su sosai.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan sallar asuba, mutum goma sha huɗu suka hallara. Katako ya fito daga wurin wannan, kwano daga wurin wancan, kuma mafi yawansu ragowar aiki ne da ya daɗe jingine a bayan gidajenmu yana tsatsa. Ba wanda ya yi raha. Aka aza katako, aka jera kwano, aka buga ƙusa, aka buɗe taga a bangon arewa don haske ya shigo ba tare da rana ba. Kafin a kira sallar Juma'a har an share ƙasa an wanke hannu. Madam ta shigo Amatullahi tana riƙe da hannunta, ta tsaya gaban allo, ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Har kun gama?"

"Mun gama, Madam."

"Awa nawa kunka yi?"

Mahamane ya duba agogo don ya samu inda zai kai idonsa. "Biyar."

"Ashe awa biyar ne," in ji ta.

Ba da gatse ta faɗa ba. Mamaki ne kawai, irin na wadda ta daɗe tana ba mu uzuri a ranta, tana cewa ƙila aikin babba ne. Mun so ta zage mu, ba ta yi ba.

Madam Gwamma, uwar masu karatu, ke ce kika sa ƴaƴan leburori suka iya rubuta sunan ubanninsu. Ke ce kika mayar wa Balki da ɗiyarta, kika ɗaga Mahamane daga ɗaukar bulo zuwa riƙe zane. Kwana tara kacal za ki koyar a ƙarƙashin rufin nan, sauran na Amatullahi ne, kuma mun san ba don ke muka motsa ba sai da rana ta nufo tamu ɗiyar. Mun gode, kuma muna jin kunya. Allah Ya tsare miki sauran ganinki, Ya kai ki Tasawa lafiya, Ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Ku da kuke karanta wannan, a Maradi kuke ko a Kano ko a wata ƙasar neman abinci, akwai wani malami ko malama da ke tsaye gaban ƴaƴanku yanzu haka. Kada ku jira ranar sallama ku zo da jawabi. Ku je gobe ku gaishe su kamar yadda kuke gai da manya, ku duba abin da suka rasa wanda ke hannunku, ku yi shi a makon. Wanda kuma Allah Ya ba ilimi ko yaya yake, ya tara yaran unguwarsu kamar yadda ta tara namu.

Mun je gidanta mu goma sha huɗu neman gafara. Mahamane ya fara magana, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ta ce ta yafe mana tun shekarar farko. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.