Bishiyar Bakin Taga

Shekara arba'in Mai Agogo ya yi yana gyara a bakin tagar ɗakinsa, da gilashi maƙale a ido ɗaya. Kowa ya san karatunsa: "Agogo ya tsaya ba mutuwa ya yi ba, kawo in saurara." Amma fa ka nuna masa bishiya, wallahi bai san kanta ba balle gindinta. Tsakar gidan nan mai faɗin filin ƙwallo, harkar matarsa ce.

Ita ta dasa 'yar bishiya daidai tagarsa, wata biyar kafin rasuwarta, tana haki ta ƙi a taya ta. Da ta tafi, bishiyar nan ce kaɗai aikin hannunta da ya rage yana numfashi. Safe da yamma yana ba ta ruwa da bokitin marigayiya.

Sanyi na shigowa ganye ya yi rawaya, ya fara zuba. Ya ƙara ruwa, ya zuba taki. Ina! Cikin mako uku ta koma sanda tsirara. Ya ce shi ke nan, ta bi uwar ɗakinta. Kallonta kullum ta taga ya fi ƙarfin zuciyarsa, sai ya tone ta, masu kwasar shara suka tafi da ita.

Ramin ma ya hana shi sakat, ya tafi wajen mai lambu neman wata.

"Baba, wace iri? Akwai mai riƙe ganye duk shekara, akwai mai zubarwa da sanyi."

"Mai zubarwa? Ai matacciya ke nan."

Mai lambu ya yi dariya. "Barci take, Baba, zafi na dawowa za ta tofo. Irinta Inna matarka ta saya a nan, Allah ya jiƙanta. Kwana uku tana zarya tana zaɓe. Na ce shara za ta ishe ta, ta ce ina ruwana. Wai idonka ya fara rauni, gwiwarka kuma ba ta shiri da sanyi. Tana son wadda za ta tare maka rana da zafi, ta sakar maka ita da sanyi. Ta kama kuwa?"

Mai Agogo ya nemi wuri ya zauna. Ya ce, "Irinta, shekara nawa kafin ta yi inuwa?"

"Takwas, ko goma."

Shi kuwa saba'in da shida yake. Ya ce a ba shi.

A gida ya durƙusa yana gyara ramin, hannunsa ya ci karo da guntun saiwar waccan. Ya kankare ta da farce, abin da bai yi ba ranar da ya ɗauko fartanya. Ɗanya ce shakaf, har da ruwa. Nan tsohon ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka fita da gawar matarsa.