Yadda Keken Gwaggo Mai Lema Ya Fito Tsakar Gida

A gidanmu ni ake tambaya tarihin kowa, don haka bari in ajiye na Gwaggo, yayar Babanmu, kafin a ƙara masa gishiri.

Tela ce. Tun ina rarrafe nake jin ƙarar kekenta daga ɗakin ƙurya, wanda ta toshe tagarsa da tsohon zane, wai rana tana cin launin yadin mutane. Ita ma ba ta yarda rana ta taɓa ta. Ko zare za ta sayo a bakin titi sai da baƙar lema, shi ya sa unguwa ke ce mata Mai Lema.

Da aka gano tana da kansar mama, aka yi mata aiki aka fara magani, sai muka nuna mata ƙauna iyakar saninmu. Muka ƙara labule, muka hana ta ko leƙa tsakar gida. Baba har gadin ƙofa yake yi. Gwaggo ta jure amai, ta jure zubewar gashi, har tana cewa ta huta da kuɗin kitso. Amma da ƙasusuwanta suka fara ciwo, ƙafa ta kasa taka keke, sai raha ta ƙare. Ta kira ni ta ce in nemo mai sayen keken.

A asibiti aka auna jininta. Likitar ta ce bitamin D ne ya yi ƙasa ƙwarai, kuma tana yawan ganin haka ga masu irin ciwonta. Ta rubuta magani, sannan ta tambaya yaushe rabon Gwaggo da rana. Baba ya gyara zama, ya ce ai ko kaɗan ba mu bari ta taɓa ta ba. Likitar ta ce ai rana ce ke taimaka wa jiki ya samar da bitamin ɗin, don haka Gwaggo ta riƙa zama a waje kullum da hantsi.

Maganin dai Gwaggo ta sha ba gardama. Zaman hantsin ne ta ƙi.

"Ni wanki ce da za ku shanya? Ko har juya ni za ku riƙa yi?"

Muka yi lallashi muka gaji. Ran da mai sayen zai zo, ni da Baba muka fito da keken tsakar gida don ya gan shi da kyau. Mutumin ya zauna, ya shiga taka shi kamar wanda kare ya biyo. Sai ga Gwaggo dafe da bango, babu lema.

"Tashi, bawan Allah. Ba ya son garaje."

Ta zauna nuna masa, tana juya keken da hannu, ta manta da shi yana tsaye har ya yi sallama. Ta fasa sayarwa, ta ce a mayar mata da keken ɗaki. Baba ya dafe ƙugu, ya ce bayansa ya riƙe. Har yau bai sake shi ba.

Yanzu kullum da hantsi tana waje, hannun riga a naɗe, tana mita tana ɗinki. Ƙafar ta dawo a hankali. Lemar ma tana nan: ta kafa ta a kan yadin mutane.